Naman da Mutaru Ya Ce Nasa Ne

Duk wanda ya ce maka ya san Mutaru Yussif fiye da ni, ka ce masa ƙarya yake yi, ni Souley ɗan Madawa na faɗa. Shekara talatin da ɗaya muna tare a garin nan na New York. Ni na fara nuna masa yadda ake shiga jirgin ƙasa, ni na saya masa rigar sanyi ta farko, kuma ni na zubar masa da mutuncin da ya yi shekara ashirin da shida yana tarawa. Wannan na ƙarshen babu wanda ya sani sai ni da shi da matarsa. Su biyun sun kulle bakinsu, to ni bari in buɗe nawa tun yana motsi.

A Zangon Kumasi aka haifi Mutaru. Ubansa tela ne, amma shi allura ba ta karɓe shi ba, sai ya tafi masana'antar katako yana saurayi, aka sa shi ɗura wa boila dussar katako. Boila ita ce ƙatuwar tukunyar ƙarfen nan da ke dafa ruwa ta tura tururi cikin bututu. A can injin take juyawa, a nan kuwa ita ke ɗumama gine-gine don kada sanyi ya kashe mutane. Tun daga lokacin Mutaru yake sauraron ƙarfe. Zai tsaya ya karkata kai, ya ce maka bututun hawa na huɗu ya tara ruwa, a je a duba a tarar haka ne.

Da ya sauka a garin nan ba shi da kowa sai lambar wayata, wadda wani direban babbar mota ya rubuta masa a bayan takardar sigari. Ya yi wata takwas yana kwana a ƙasa a ɗakina, kusa da titin Grand Concourse. Kada ka ɗauka wani waliyyi ne ni. Shi ke dafa mana abinci, shi ke wanki, shi ke share ɗakin, ni kuwa ina ta yi masa tsiya cewa mutanen Gana ba su san tuwo ba sai rogon da aka kirɓa. Daga nan ya yi wankin mota, ya yi dako a kanti, ya yi karatun yamma har ya sami lasisin boila. A ƙarshe aka ɗauke shi a wani ginin gwamnati mai hawa shida a nan Bronx, inda mutane ke zuwa neman takardu. Ya kama gida a unguwar Morris Heights, ya ɗauko matarsa Khadijatu, suka haifi 'ya'ya uku da ake yi wa magana da Hausa su amsa da Turanci.

Mutumin nan gaskiyarsa har haushi take ba ni. Wallahi ko wayarsa ba ya sa wa caji a wurin aiki, wai wutar gwamnati ce. Na ce masa, “Kai, ɗan Zango, gwamnatin Amurka ce za ta talauce saboda wayarka?” Ya yi murmushi kawai. Shugabanni sun zo sun tafi, kowa ya bar masa mabuɗan ginin gaba ɗaya. A unguwa kuwa, duk wanda zai tafi gida ganin dangi, wurin Mutaru yake barin mabuɗin ɗakinsa da takardunsa. In gardama ta yi zafi a bakin masallaci, sai ka ji an ce, “To a tambayi Mutaru.” Ba shi da gida a Kumasi, ba shi da mota, wannan sunan shi ne dukiyarsa.

Ni kuma sana'ata kilishi, gadon gidanmu ne. Ina da teburi a gaban shagon wani ɗan'uwa a kan Grand Concourse. Wanda bai san kilishi ba gani yake wasa ne. Sai ka yanka nama falle-falle kamar takarda, ka shanya ya bushe, ka tsoma shi cikin kwaɓin tunkuza da kayan yaji, ka sake shanyawa, sannan ka nuna masa wuta. Duk aikin na rana ne. To ina ranar take a New York daga watan Nuwamba zuwa Afrilu? Na gwada oba, murhun gashin nan na Turawa, ta dafa naman maimakon ta busar. Na gwada hita a ɗaki, maigidan haya ya ce ko ni ko warin.

Wata rana, shekara goma sha biyar da suka wuce, na je kai wa Mutaru saƙo, ya sauko da ni ɗakin boila. Ina shiga na tsaya cak. Zafi ne busasshe, irin na Madawa a tsakiyar bazara, yana fita daga bututun da ba a rufe ba yana cika ɗakin a banza. Na ce Allah mai iko, ashe ranar garinmu tana nan ƙarƙashin ƙasa.

Sai da na yi hunturu guda ina lallashinsa. Ya ce ginin ba nasa ba ne. Na ce, “Ginin na ce ka ba ni? Hucin tukunya fa nake roƙo. Wa ya taɓa sayar da huci? Ko ka shanya nama ko ba ka shanya ba, boilar nan ci take yi dare da rana har Lahadi, ba ɗigon gas da zai ƙaru.” Gaskiya na faɗa, shi ma ya san gaskiya ce, a ƙarshe dai ya yarda. Ran Juma'a da yamma, in ma'aikata sun tashi, sai in tsaya da mota a kwanar bayan ginin, shi ya ɗauki kula biyu ya shiga da su, ya baza naman a kan ragar waya. Da ma yana leƙa boilar Asabar da Lahadi. Asabar ya fito mini da shi in tsoma, Lahadi ya yi shanya ta biyu. Ni ban sake taka ginin ba. Shekara da shekaru muna haka, kuma ko ɓallin kilishi bai taɓa karɓa ba.

Sai ga maganar kwangila. Ginin ya tsufa, yana shan gas da lantarki kamar rariya, gwamnati kuma ba ta ware kuɗin gyara ba. Sai aka yi yarjejeniya da wani ƙaramin kamfani. Kamfanin zai ranto kuɗi a banki ya yi gyaran duka, gwamnati ba za ta fitar da ko sisi ba. Abin da aka rage na kuɗin gas da wuta kowace shekara, daga cikinsa ake biyan kamfanin. Amma sun sa hannu cewa ragin zai kai kaza. In an auna a ƙarshen hunturu bai kai ba, kamfanin ne zai cika daga aljihunsa. Da Mutaru ya gama yi mini bayani na ce, “Wato mai liƙin randa ne ya ce kada a biya shi, ruwan da ya daina yoyo shi ne ladansa.” Ya ce haka ne, kuma in randar ta ci gaba da yoyo shi zai sayo ruwan.

Injiniyar da kamfanin ya turo 'yar ƙasarmu ce, Firdaoussi, 'yar Damagaram. Ta yi karatu a nan, tana da 'ya ɗaya, kuma takardar zamanta a ƙasar a jikin aikin nan take. Ranar farko da ta ji Mutaru ya yi bisimilla zai buɗe ƙofa, ta juya ta gaishe shi da Hausa har da rusunawa. Daga ranar ya zama Baba. Ba ta taɓa bututu ba ta tambaye shi ba. Suka canza fitilu zuwa masu mutuwa da kansu in ba kowa, suka toshe kafofin taga, suka naɗe kowane bututu da bargo mai kauri. Sannan ta kafa wani akwatin kwamfuta da ke rage wutar boila daga yammacin Juma'a zuwa asubar Litinin, tunda ginin fanko ne. Ta rubuta sunan Mutaru a rahotonta, cewa ba don shi ba da aikin ya ɗauki wata uku a kan ƙari. Ya zo mini da takardar a aljihu yana ta murna kamar an ba shi kujerar Makka. Shi ne ma ya kawo ta teburina, ta zama mai sayen kilishina duk mako.

Ni duk wannan bai dame ni ba sai da Nuwamba ta zo. Na kai nama ran Juma'a, Asabar ya fito da shi jiƙe sharkaf, har ya soma wari. Naman rabin bijimi, sai kwandon shara. Washegari da hantsi na je gidansa raina a ɓace.

Muna zaune a falo, Khadijatu tana kicin. Mutaru ya ce, “Souley, abin nan ya ƙare. Ɗakin ya yi sanyi, haka aka tsara shi.”

Na ce, “Ba makunnin hannu a jikin boilar? Na san akwai, kai ka faɗa mini.”

“Akwai, don ranar da kwamfuta ta lalace.”

“To ka murɗa mana! Kwana biyu kacal a mako.”

Ya girgiza kai. “In na murɗa, ba ɗakin kaɗai ke ɗumi ba, hawa shida ne. Da can zafin banza ne, shi ya sa na yarda. Yanzu yana da mai shi. Yarinyar nan ta sa hannu a kansa.”

Ni kuwa a kaina akwai odar azumi da ta Salla, daga unguwar Flatbush, daga ma'aikatan ofisoshin jakadanci, daga masu biki, duk na amsa. Zuciya ta ɗebe ni. Da ma ni an san ni da baki, amma ranar na faɗi abin da ɗan halak ba ya faɗa. Na ɗaga murya yadda ta kicin za ta ji, na ce, “Lalle, Mutaru. Yau ka yi Baba, ka yi suna a takardar Turawa. Ka manta wanda ya shimfiɗa maka tabarma wata takwas? Ka manta wanda ya rufa maka jiki ranar da haƙoranka ke kaɗawa? Yarinyar da ka sani jiya ita ce mutum, ni da na tsince ka a titi ban kai hucin tukunya ba?”

Gori na yi masa, gorin kwana da sutura, a cikin gidansa, a kunnen matarsa. Na ji ludayi ya tsaya a kicin. Mutaru ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce a hankali, “Ka kawo ran Juma'a.”

Na kawo. Na sake kawowa. Mako goma sha huɗu ina kawowa. Duk Juma'a sai ya murɗa makunnin daga na kwamfuta zuwa na hannu, ya kwance bargon bututu biyu, boila ta yi ta ci tana ɗumama kujeru da kabad a ofisoshin da ba kowa. Lahadi da yamma ya mayar da komai yadda yake. Kilishin shekarar ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, har yaba shi ake yi. Mutaru kuwa ya soma ramewa. Ya daina rama tsiyar da nake yi masa, ya daina tsayawa shan shayi. Ya miƙo kula ya juya. Na gani sarai, na yi kamar ban gani ba, don kasuwa tana tafiya.

Mita ba ta san kunya ba. Tun watan Janairu Firdaoussi ta ga lissafinta ya karkace: Litinin zuwa Juma'a komai daidai, Asabar da Lahadi gas na tafiya kamar ana aiki. Akwatinta yana nuna ya ba da umarnin a rage wuta, boila kuma ba ta bi. Ta sauko ɗakin ta tambaye shi kai tsaye, “Baba, ba wanda ke taɓa makunnin hannu?” Ya ce, “Babu.” Shi da kansa ya gaya mini daga baya cewa wannan ce ƙaryar farko da ya yi a ginin nan.

Da wani ne injiniyan, da a ranar ya sa kwaɗo a makunnin, ko ya zo da kansa ran Asabar. Amma 'yar Damagaram ba ta ƙaryata dattijo mai furfura, balle wanda duk unguwa ke ba ajiya. Tunda Baba ya ce babu, to babu, laifin na akwatinta ne. Ta canza kayan cikinsa sau biyu. Ta sake jan waya. Ta kira masu akwatin suka yi ta gardama. Tana zuwa teburina idanunta sun faɗa, ta sayi kilishi ta ce shi kaɗai ke shiga bakinta kwanakin nan. Ni kuma in naɗe mata har da gyara, ina cewa Allah ya warware.

Azumi ya shigo cikin sanyi, na yi ciniki irin wanda ban taɓa yi ba. A goman ƙarshe aka gama awon hunturu, ragin bai kai abin da aka sa wa hannu ba, ya yi ƙasa sosai. Kamfanin ƙarami ne, cikon da zai biya ya kusa karya shi. Maigidan kamfanin ya ce tsarin Firdaoussi ne ya gaza, ƙarshen Afrilu ta ajiye aiki. In aikin ya tafi, takardar zama ta bi shi.

Ranar ashirin da bakwai ga azumi, da la'asar, ta sauko ɗakin boila da kular abinci. Ta ce, “Baba, ga abin buɗa-baki. Na zo sallama ne tun da wuri, don ban san yadda kwanakin za su kasance ba. Na wahalar da kai wata da watanni, na sa ka hawa da sauka a kan kuskurena. In na taɓa saɓa maka, don Allah ka yafe mini.” Ta durƙusa ta faɗi haka. Daga baya Mutaru ya ce mini kai kawai ya gyaɗa mata.

Kwana biyu bayan Salla ya zo teburina da safe, kafin masu saye su fara. Bai zauna ba. Ya ce, “Jibi akwai taro, shugaban ginin da mutanen kamfanin. Zan faɗa musu.”

Na ce, “Ka haukace? Shekara biyu ta rage ka yi ritaya da cikakken fansho! Yarinya ce, tana da digiri, za ta sami wani aikin. Kai wa zai ɗauke ka da wannan furfurar?”

“Ta nemi gafarata, Souley. Ita ta nemi gafarata.”

“To ka yafe mata mana, magana ta ƙare!”

Ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba, ba fushi a ciki. Nan gaskiyar cikina ta fito. Na ce, “Ni fa? Ka san abin da masu duba tsabtar abinci za su yi mini in suka ji inda nake shanya? Teburin nan ya tafi, lasisi ya tafi. 'Ya'yana biyu suna makaranta.”

Ya ce, “Ba zan ambaci sunanka ba. Wata takwas ka rufa mini asiri, ni ma zan rufa maka.”

Ka san abin da na ji a lokacin? Daɗi. Wallahi tallahi daɗi na ji. Ban ce masa mu je tare ba. Ban ce masa ya bari in yi tunani ba. Cewa na yi, “To, Allah ya sa a dace,” kamar mai sallamar wanda zai tafi kasuwa.

Ban je taron ba, daga baya na ji yadda aka yi. Ya hau hawa na shida da kayan aikinsa a jiki, ɗauke da ragar wayar da yake shanya a kai, ya jingine ta a bangon ɗakin taro. Ya ce akwatin injiniya lafiyarsa lau, shi ne ke murɗa makunni duk Juma'a, ya faɗi ranakun ɗaya bayan ɗaya. Aka tambaye shi dalili, ya ce nama yake busarwa. Aka ce na wa, ya ce nasa ne, 'yar sana'a yake yi a gefe. Shugaban ginin, wanda ya yi shekara tara yana bar masa mabuɗai, ya sake tambayarsa ko akwai hannun wani. Ya ce babu. Firdaoussi ta tashi ta fita daga ɗakin.

Yarjejeniyar ta ce kula da boila yadda aka tsara nauyin masu ginin ne, don haka cikon ya sauka daga kan kamfanin. Firdaoussi ta ci gaba da aikinta. Mutaru kuwa aka ba shi zaɓi, ko ya ajiye da kansa ko a kore shi. Ya ajiye, da fansho guntu. Yanzu yana gyaran famfo da hita a gidajen haya, in an kira shi.

Aikin ba shi ne abin da ya fi ciwo ba. Labari ya zaga unguwa kafin mako ya cika. Mutanen da suka ba shi ajiya suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, kowa da uzurinsa, wannan ya ce ɗansa ne zai riƙe, wancan ya ce ya fasa tafiyar. Shi kuma yana ɗauko wa kowa kayansa yana godiya. Marasa kunya suka sa masa suna Mutaru mai kilishi. A bakin masallaci na ji wani da ko alwala bai iya ba yana cewa, “Ai da ma shiru-shiru ba tsoron Allah ba ne.” Ina tsaye a wurin. Ni da nake zagin mutum a kan ya taka mini takalmi, ranar bakina ya mutu.

Na je gidansa sau ɗaya. Khadijatu ta buɗe ƙofa, ta amsa sallama, ta kawo mini ruwa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, duk ba ta dubi fuskata ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na soma kame-kame, Mutaru ya katse ni ya ce abin da ya wuce ya wuce, ya shiga ba ni labarin wani famfo da ya ba shi wahala a hawa na biyar.

Bayan kamar wata biyu Firdaoussi ta dawo teburina. Zafi ya shigo, ina shanya a saman rufin wani ɗan'uwa. Ta gaishe ni, ta zaɓi na yaji, sannan ta tsaya tana jujjuya jakarta. Ta ce, “Baba Souley, ni har yau abin ya ƙi barin raina. Na gode da ya faɗi gaskiya, amma wata huɗu yana kallona ina wahala. Na tambaye shi, ya dubi idona ya ce babu.” Hawaye suka cika mata ido. Ta ce, “Kuma kai ma na tausaya maka. Aminin mutum, ya san sana'arka ce, ya koma ta bayan fage yana yin irinta a ɓoye don ya ƙwace maka kasuwa. Yaya ka ji da ka sami labari?”

Babu kowa a wurin sai ni da ita. Ba ɗan sanda, ba mai duba abinci, ba wanda zai ji. Kalma huɗu ce kawai: naman nawa ne, 'yata. Na dubi teburin, na dubi layin ledojin da na jera, na ci gaba da naɗe mata kilishi.

Na ce, “Mutum ke nan, 'yata. Ba a gama saninsa.”

Da bakin nan nawa na faɗa. Ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya ba ni haƙuri, na ce amin. Ta biya, na ba ta canji, ta tafi.

Ranar Juma'ar makon na makara, na tarar masallaci ya cika har bakin ƙofa, an tayar da iƙama. Ina ta raba ido ina neman inda zan saka ƙafa, kowa ya yi kamar bai gan ni ba. Sai na ji an ja mini hannun riga. Mutaru ne, a sahun ƙarshe, wurin da ake ajiye takalma, inda yake tsayawa yanzu. Ya matse jikinsa da bango ya buɗa mini wuri. Na shiga, kafaɗata ta haɗu da tasa, na ji ƙashi. Liman ya yi kabbara, kowa ya ɗaga hannu, ni na kasa ɗaga nawa.